Kada ku saya wa yaro mai galahanga tabarau a tire

Iyaye, idan kun shiga Kasuwar Jalingo, ku bar wa masu talla tabaransu. Yawanci na karatun manya ne ko na rana.

Matsalar ido, musamman harara-garke, ta fi yawa ga yara masu galahanga, ga shi wasunsu ba sa iya cewa "ba na gani". Ku lura: yana ƙanƙance ido? Yana manne wa talabijin?

Ku kai shi sashen ido na FMC Jalingo. Da maganin ɗigawa da haske likita zai auna shi, ko bai ce uffan ba. Idan ya wuce shekara 7, gyaran raunin ido yakan ƙara wuya.

In ya ƙi tabarau, ku fara da minti 5 lokacin wasa, kuna ƙarawa a hankali.