Ka Riƙi Sanda Tun Ba Ka Faɗi Ba

A Zangon Kwatano, a ƙasar Benin, na san wani dattijo mai sayar da goro. Mutumin ƙasar Maraɗi ne, amma ya tsufa a unguwar. Gwiwarsa ta dama ta daɗe tana damunsa. Daga gidansa zuwa babban masallacin Zango ba nisa, duk da haka sai ya tsaya sau biyu ko uku a hanya ya dafa bango. Wata rana na ce masa, "Baba, me zai hana ka nemi sanda?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, so kake mutane su ce na gama?"

Da damina ta zo, aka yi ruwa da dare. Da asuba ya fito, ya ɗaga ƙafa zai tsallake kwata, gwiwar ta ƙi ɗaukarsa, ya faɗi ta gefe. Ƙashin kwatangwalo ya karye. Allah ya yi da sauran kwanansa, aka yi masa aiki, ya tashi. Amma sanda ɗaya da ya ƙi, yau biyu yake riƙewa, kuma iyakar tafiyarsa daga ɗaki zuwa ƙofar gida.

Ra'ayina a kan wannan ba mai tsawo ba ne. Duk wanda ya fara dafa bango, ko ya fara neman kafaɗar jika kafin ya tsallake rami, lokacin sandarsa ya yi. Kada ya jira sai ya faɗi. Yawancin mutanen da muke ba sanda a asibiti, bayan karaya muke ba su, alhali da sun riƙe ta shekara ɗaya kafin nan, da wataƙila ba mu gan su a gadon asibiti ba sam.

Faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara saboda faɗuwa. In ka cire hatsarin hanya, babu hatsarin da ya fi ta kisa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mutane a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu suke, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Dalili kuwa, ƙashin tsoho ba kamar na yaro ba ne. Yana zama fanko a hankali, musamman na mace bayan ta daina al'ada. Yaro zai faɗo daga bishiyar mangwaro ya karkaɗe jikinsa ya ruga. Kakarsa kuwa santsin banɗaki kawai ya isa ya karya mata kwatangwalo. Wannan karaya tana can ciki, ƙarƙashin nama mai kauri, karan mai ɗori ba ya kama ta. In aka bar mutum kwance wata biyu ko uku, sai gyambo ya fito a baya da ɗuwawu, ƙirji ya cika da majina, jiki ya narke. Sau da yawa kwanciyar ce ke kashe tsoho, karayar ta buɗe ƙofa ne kawai.

To, ina kunyar ta fito? Ni dai abin yana ba ni mamaki, domin mu ba baƙin sanda ba ne. Kalmar Zango kanta, daga ina ta zo? Masaukin fatake ne. Kakanninmu sun tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka ratsa ƙasar Bargu, suka bi ta Zugu har Salaga a ƙasar Gwanja don sayen goro, tafiyar watanni a ƙafa, da jakuna da kaya a ka. Wasu suka nufi gabas ta Chadi da Sudan zuwa Makka, suka yi shekaru a hanya. Wa ya taɓa jin bafatake ya kama irin wannan hanya hannu sake? Bafulatani saurayi mai jini a jika ba ya fita kiwo ba sanda. Sarki, sanda ake ba shi ran naɗi. Liman yakan riƙe ta a kan mumbari. Annabi Musa, wanda Kirista da Musulmi duk suka san labarinsa, da sanda aka san shi. Yaya abin da ke hannun sarki da makiyayi zai zama abin kunya a hannun tsohon da gwiwarsa ke ciwo?

Turawa ma da suke hawan duwatsu don nishaɗi, irin Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya mai tsawon mita 5,895, sanduna biyu-biyu suke riƙewa, kuma yawancinsu ƙarfafa ne. Sun gane cewa gangara ita ke cin gwiwa, in hannu ya ɗauki wani ɓangare na nauyin sai gwiwa ta huta.

Mata sun fi maza wannan kunya. Tsohuwa za ta yarda ta daina zuwa kasuwa, ta daina zuwa suna da biki da wurin ibada, a kan a gan ta da sanda. Sai ta zauna a ɗaki. Zaman kuwa yana ƙara kashe ƙafa, domin naman cinya in ba ya aiki ramewa yake. Ranar da dole ta sa ta fita, ranar za ta faɗi. Iya, sandar nan ba ta hana ki komai ba. Ita ce za ta mayar da ke cikin mutane.

Amma ba kowace sanda ba ce sanda. A nan ne ma na fi so mu daɗe, domin na ga waɗanda sandar da kanta ta kayar da su.

Abu na fari shi ne tsawo. In kwagiri ne, wato mai lanƙwasasshen kai wanda ake dafawa daga sama, ga yadda ake aunawa. Ka sa takalmin da ka saba fita da shi, ka miƙe tsaye, ka saki hannuwanka. Kan kwagirin ya zo daidai wuyan hannunka, inda ake ɗaura agogo. In ka kama shi, gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. In ya fi haka tsawo, kafaɗa za ta ɗage, ta yi ta ciwo, kuma ba za ka iya danna nauyinka a kai ba. In ya gaza, za ka riƙa tafiya a sunkuye, kai a gaba, faɗuwa ta zo kusa ke nan. Kada mutum ya auna kansa, ya sa wani ya duba masa. In za a kai wa kafinta ya rage, a rage kaɗan-kaɗan ana gwadawa, domin abin da zarto ya cire ba ya komawa. Kwagirin da aka gada daga mahaifi dogo, ko wanda aka kawo tsaraba daga Makka, yana da daraja, amma ba don jikinka aka yanka shi ba. A auna shi tukuna.

Doguwar sanda irin ta Fulani daban ce, kuma ga mutumin ƙauye mai zuwa gona ko cin kasuwar wani gari, ni na fi son ta. Ana kama ta daga gefe, a inda hannu zai miƙe gaba sosai daga gwiwar hannu, kamar mai miƙa gaisuwa. Kyanta shi ne, in za ka hau tudu sai ka zame hannunka ƙasa, in za ka gangara sai ka kama sama ka fara dasa ta a gabanka. Sandunan Turawan nan na ƙarfe sai an tsaya an kwance an ɗaure kafin a ƙara musu tsawo, taka kuwa zame hannu kawai. Da ita kake auna zurfin rafi kafin ka sa ƙafa, da ita kake bugun ciyawa da dare don maciji ya kauce. Sai dai ba ta ɗaukar nauyi kamar kwagiri. Mai ciwon gwiwa ko kwatangwalo sosai, kwagiri ya fi masa.

Itacen ya zama busasshe, miƙaƙƙe, ba tsagewa, ba inda gara ko ƙwaro ya ci. Gora mai kauri tana yi, geza ma tana yi. Kafin ka saya, ka dasa ta a ƙasa kusa da bango ka danna da ƙarfinka. In ta yi ƙara ko ta lanƙwashe, bar ta. Muciya da karan dawa da guntun bututun roba da ƙotar tsintsiyar zamani ba abin dogarawa ba ne, ko na rana ɗaya.

Sai gindin sanda, wanda kusan kowa ke mantawa. A kan rairayi, irin na lungunan Kwatano ko na ƙauyukan ƙasar Hausa, busasshen itace yana kama ƙasa. Amma ka shiga da shi kan siminti mai laushi, ko tayil ɗin masallaci kusa da wurin alwala, ko barandar asibiti da aka goge, sai ya zame kamar an ja shi. Dole a sa masa roba. In ba a sami wadda ake sayarwa ba, mai gyaran takalmi zai yanko tsohuwar taya ya kafa maka, kan ƙusa ya nutse cikin robar, kada ya taɓa ƙasa. Kowane wata ka juya sandar ka duba. In robar ta cinye ta gefe ɗaya ko ta yi sumul, a sake. Sandunan hawan dutse da wasu 'ya'ya ke aiko wa iyayensu daga Turai, ko ake tsinta cikin kayan gwanjo, tsinin ƙarfe gare su. Tsinin nan don dutse da laka aka yi shi. A kan tayil santsi yake, a kan titin da aka jera wa tubalan siminti kuwa yakan maƙale a tsakani. In babu hular robarsa, kada tsoho ya shiga gari da shi. A kuma gwada maɗaurin tsakiya kullum, domin in ya saki, sandar takan shige cikin kanta daidai lokacin da aka dogara a kanta.

Yanzu ga kuskuren da ya fi yawa. Mai ciwon ƙafar dama yakan riƙe sanda a hannun dama, a ganinsa nan ne ake bukatar taimako. Ba haka ba ne. Ana riƙe ta a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya. Ka lura da yadda mutum ke tafiya: ƙafar dama da hannun hagu tare suke zuwa gaba. Saboda haka sanda da ƙafa mai ciwo su tafi tare, su raba nauyin, sannan mai lafiya ta biyo. Kwana biyun fari za ka ji abin banbaraƙwai, daga baya jiki ya saba. A matakala, ko wurin hawa dakali, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa. Wurin sauka, sanda da ƙafa mai ciwo su fara. Kada ka jefa sandar can gaba da nisa, taki ɗaya ya isa. In za ka tashi daga kujera, ka dafa kujerar ka miƙe tukuna, sannan ka dogara. In kuma ka hau babur, ko zemijan ne na Kwatano ko ɗan acaɓa na gida, ka riƙe sandar a tsaye a jikinka, kada gindinta ya yi lilo kusa da ƙafar babur.

Wani zai ce, ai in mutum ya saba da sanda ƙafarsa za ta lalace. Akwai ɗan abin dubawa a maganar, shi ya sa ba na ce kowane mai furfura ya ɗauka ba. Wanda ke tafiyarsa garau ya ci gaba. Amma ga wanda tsoron faɗuwa ya riga ya rage masa fita, sanda ƙara masa tafiya take yi, tafiya kuwa ita ce abincin ƙafa.

Wata magana kuma da ta fi wannan nauyi. Sanda tana tallafar ƙafa, ba ta warkar da abin da ya sa ƙafar rauni, kuma wani lokaci takan rufe ciwon da ya kamata a gani da wuri. In jiri ke ɗibarka duk sa'ad da ka miƙe, a auna jininka, a kuma duba magungunan da kake sha, domin wasu magungunan hawan jini da na barci suna kawo haka. In tafin ƙafarka ya daina jin ƙasa, kamar kana taka auduga, a gwada sukari. In hazo kake gani, wataƙila yanar ido ce, aikinta kuwa ba ya daɗewa, mutane da yawa sun ajiye sanda bayan an cire musu ita. In kuwa hannu da ƙafa na gefe ɗaya suka saki farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, wannan ba zancen sanda ba ne, a ɗauko mutum zuwa asibiti a wannan sa'a. Haka nan wanda bai iya ɗora nauyi a kan ƙafar ba ko kaɗan, sanda ɗaya ba ta ishe shi ba, domin abin da take ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jiki ba. Shi sai sanduna biyu na hammata, ko abin dafawa mai ƙafa huɗu.

Ku kuma 'ya'ya da jikoki, kada ku sayo sanda ku miƙa wa tsoho a gaban baƙi, zai jingine ta a bayan ƙofa har ta yi ƙura. Ku same shi shi kaɗai. Ku nemo mai kyau, wadda zai yi sha'awar a gan shi da ita. Ranar da za ku kawo shi awo, ku zo da sandar da takalmin da yake fita da shi, mu auna ta a jikinsa, mu kuma ga yadda yake takawa da ita a barandar asibiti kafin ku koma gida.