Wa Ya Ce Taura Biyu Ba Ta Taunuwa?

Ɗan yayata ya gama digirin farko a fizik, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo yana neman shawarar digiri na biyu. Yana son lantarki, yana son hasken leza, yana son sanin dalilin da ƙarfe ke gajiya ya tsage. Baffansa ya katse shi: "Kai yaro, taura biyu ba ta taunuwa. Ka tsaya wuri ɗaya." Zauren duka ya gyaɗa kai, ban da ni.

Wannan magana ta zama tamkar doka a wurinmu: wanda ke son fizik da injiniyanci lokaci ɗaya wai bai san inda ya sa gaba ba. Ni kuwa na ce masu faɗin haka ne ba su san yadda aikin yake ba. John Bardeen injiniyancin lantarki ya karanta a Jami'ar Wisconsin, ya yi 'yan shekaru yana aikin gano man fetur a ƙarƙashin ƙasa, sannan ya tafi Princeton ya yi digirin digirgir. A 1947 yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro tiransisto, abin da babu wayar da ke aljihunmu sai da shi. Ya karɓi kyautar Nobel ta fizik sau biyu, 1956 da 1972. Da baffan nan ne ya rene shi, da ya mutu yana auna rijiyoyin mai. Masanin fizik Paul Dirac ma da injiniyancin lantarki ya fara a Bristol.

Ba sai an je Amurka ba. A Zariya, na'urar nukiliya ta bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello tana aiki tun 2004. Mai kula da ita dole ya san halin nutiron, ya kuma san yadda zafi ke fita da yadda na'urorin awo ke yin ƙarya. Ina taura ɗaya a nan?

Abu ɗaya zan yarda da shi: wanda burinsa a kira shi Injiniya, ya sa hannu a zanen gada, to ya fara duba sharuɗɗan rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN, don digiri na biyu ba lallai ya goge masa rashin na farko a injiniyanci ba.

In ba wannan ba, sunan da ke kan takarda shi ne abu mafi arha a cinikin. Na ce wa yaron ya bar karanta sunayen kwasa-kwasai, ya hau mota ya je ya ga ɗakin gwaje-gwajen da idonsa. Na taɓa shiga wani na tarar an lulluɓe na'urar awo da leda, ƙura ta yi mata rawani, makullin kuma yana aljihun wanda ya tafi hutun shekara. Na kuma ce wa yaron ya tambayi ɗaliban malamin da zai duba aikinsa, a bayan idon malamin: shekara nawa kuka yi? Babi nawa ke kwance a teburinsa? Janareto na tashi?

Ranar Litinin ya tafi. Baffansa har yanzu bai daina yi mini kallon mai ɓata yaro ba.