Daga gindin bedi: Ashe mun daɗe muna taka doka

Wannan mako labarin laifi na kawo maku, kuma da ni da ku duk muna ciki. Duk wanda ya taɓa ce ma baƙonsa "zamna", ko ya yi masa barka da "sabka", ko ya saida "abduga" a kasuwa, to ya sani ya taka doka. Ba ta duwan ba ce, ba kuma ta masu karɓar lanho ba. Sunanta Dokar Klingenheben.

Shi wannan bawan Allah Bajamushe ne, masanin harsuna. A wani rubutu nasa na 1928 ya lura cewa a Hausa, baƙin da ya zo ƙarshen gaɓa yakan yi laushi. Shi ya sa daga "talaka" aka samu "talauci". Kanawa suka ƙara gaba, "sabka" ta koma "sauka", "zamna" ta koma "zauna". Mu kuwa mutanen Maraɗi da Tawa, tare da ƴan uwanmu na Katsina da Sakkwato, rabin dokar muka bi: mun karɓi talauci, mun ƙi sauka.

Yaya aka yi na sani? Wata shekara wani mai bincike ya yi sati ukku yana zuwa zaurena da rakoda. Kullum sai in faɗi "fara" ta ci, da "fara" ta launi, da "fara" aiki, shi kuwa yana zana ƴan sanduna bisa wasula, har maƙwabta suka zaci rukiyya ake yi mani. Ranar tafiya ya ba ni goron jikka biyu, muka rabu lafiya.

Takardar ba ta fito ba sai bayan shekara huɗu. Ya ce sai da aka miƙa ta ga alƙalai biyu da ba a faɗin sunansu. Na farko ya ce misalai sun yi kaɗan. Na biyu ya ce sun yi yawa, kuma an manta ba a ambaci littafin wani babban shehi ba, wanda ga dukkan alamu shi ne alƙalin. Da ta fito, da Ingilishi ta fito, bayanin ƙasan shafi ya fi na sama yawa, kamar tiyar da gyara ta fi awo. Sunana kuwa ya koma "mai magana na 3". Da ɗana ya nemo ta a intanet, kuɗin da aka ce ya biya kafin ya karanta sun fi goron da aka ba ni nesa ba kusa ba.

Alhazai, ku matso ku koyi kasuwa. Malami ya rubuta kyauta, alƙalai su duba kyauta, mai ɗab'i ya tattara hajar ya saida ma jami'ar da ke biyan malamin albashi. Wane ɗan kasuwa ne a Damagaram ya taɓa samun kaya kyauta, da dillali kyauta, sa'an nan ya saida ma mai kayan?

Abin ba yau ya fara ba. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram, ya bi Barth zuwa Ingila a 1855. Daga bakinsa Schön ya rubuta Hausa mai yawa, ya fidda nahawu a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Jami'ar Oksfod ta ba Schön digirin girmamawa. Dorugu ya komo gida, ya rasu a Kano a 1912. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kada a ce mun yi butulci. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana kalmomi wajen 39,000, da yawansu jikokinmu ba za su ji su a bakin kowa ba. Aikin masana aiki ne. Sai dai su ma suna da nasu: an zauna a Bamako a 1966, an zauna a Yamai a 1980 domin daidaita rubutu, amma har yau harafin da muke rubutawa ƴ, da ya ƙetare Ɗan Isa ya shiga Jibiya sai ya tuɓe ƙugiyarsa ya koma 'y.

Roƙona guda ne, ga baƙi da namu na gida. Wanda ya ɗebi magana a bakinmu, ya bar mana ko shafi biyu ne da Hausa, ya gaya mana abin da ya gano, ya kuma rubuta sunan mai bakin in ya yarda. Malamin lakwal na buƙatar wannan sani fiye da akwatin ɗakin karatu na Turai.

Kafin nan, ni dai ina nan zamne. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.