Ra'ayinmu: Ba a Kai Manomi Rumfar Zaɓe da Bulala

A watan Mayun 2025, Majalisar Wakilai ta yi wa wani ƙudiri karatu na biyu: wanda ya isa zaɓe ya ƙi fita, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Da jama'a suka yi ca, Kakakin Majalisa Tajuddeen Abbas ya janye shi. Madalla!

Amma ciwon yana nan. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, kusan kashi 27 cikin 100 na masu rajista kaɗai suka fita. Mu 'ya'yan manoman shinkafa da masunta, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, mun san wani dalili. Iyayenmu a fadamar Rima, rediyo ce jaridarsu. Kukansu shi ne, in sun kunna tashar gwamnati, yabon mai mulki ya fi yawa. Tsadar taki, ambaliya da muryar 'yan adawa kuwa sai an lalubo. Wanda bai ji ɓangare biyu ba, me zai zaɓa?

Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana kafafen gwamnati fifita wata jam'iyya. A yi aiki da wannan tukuna. Mu masu zaɓen gobe muna saurare.