Ranar Da Karen Maƙwabciyarmu Ya Mutu

 Yau zan yi magana ne a kan wani abu da na san wasu za su ce bai kai a ɓata lokaci a kansa ba, wato mutuwar kare. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe, in ya so sai ya yanke hukunci.

Ni dai ɗan ɗan kasuwa ne, a nan Kafanchan aka haife ni. Kakana ya sauko daga ƙasar Kano ne yana bin jirgin ƙasa, domin tun da layin dogo ya iso garin nan a 1927 ya zama mahaɗar da ta haɗa Kaduna da Jos da Fatakwal, mutanenmu suke ta zuwa neman abinci. Babana yana sayen citta da hatsi yana turawa Arewa, ni kuma tun da na gama sakandare nake taya shi a shago. Ba malami ba ne ni, abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na wata mata Kirista, Bajju ce daga wajen Zonkwa. Mama muke ce mata, ita kuma tana ce mini "ɗana", tana kiran mahaifiyata Hajiya. Mijinta malamin firamare ne a wani ƙauye, sai ƙarshen mako yake zuwa gida, saboda haka ɗawainiyar yara huɗu a wuyanta take. Suna da wani jan kare da yara suka sa wa suna Bingo, ya kai shekara tara a gidan.

Wata safiya cikin damina muka ji kuka ta bayan katanga. Hajiya ta ce mini in leƙa ko lafiya. Na tarar da karen kwance a bakin ƙofa, kumfa na fita daga bakinsa, ga ragowar nama a gefe. Wani ne ya barbaɗa masa shinkafar ɓera ya jefo cikin dare. Mama tana durƙushe a kansa tana hawaye, autarta kuma ta rungume ta tana ihu. Zan faɗi gaskiya ko da za ta ba ni kunya: da na dawo gida dariya na yi. Na ce wa Hajiya, "Ba komai ba ne, kare ne kawai ya mutu." Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Kai ka san abin da ta rasa?" Sai ta ɗauki mayafinta ta fita, ta je ta zauna da Mama kusan awa guda.

Wannan tambaya ta Hajiya ita ce ta sa na zauna na yi tunani, na gane cewa shekara ashirin da ɗoriya ina kwana kusa da wannan baiwar Allah amma ban san rayuwarta ba. Na san sunan ƙabilarta, na san cocin da take zuwa na ECWA ne, na san ranar Kirsimeti za ta aiko mana da shinkafa da kaza mai rai don mu yanka da kanmu, mu kuma mu aika mata da naman layya. Bayan wannan, babu. Kuma ina ganin yawancinmu haka muke.

To bari in gaya muku yadda ranarta take. Kafin ladan ya kira assalatu ta riga ta tashi. Za ta tada yara su yi addu'ar safe, su rera waƙa ɗaya da Hausa, sannan ta ɗora kaskon ƙosai da tukunyar koko, ta fito bakin titi. Ƙarfe tara ta kwashe, ta wuce kasuwa ta sayo waken gobe. Da rana wanki da girki, da yamma ɗaya a mako ta ɗaura zanen Zumuntar Mata ta tafi taro, inda suke adashi da ziyarar marasa lafiya da gaisuwar mutuwa. Da damina kuma tana zuwa ƙauye ta duba 'yar gonar cittarta, wadda da ita take biyan kuɗin makaranta. A 2023 da cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna, ta ruɓar da ita tun tana cikin ƙasa, Mama ko iri ba ta tsira da shi ba. A shekarar ce kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na niƙa da na mai suka tashi. Mu ma a shago mun sha wuya a wannan shekara domin babu kayan saye. Annoba ɗaya ce ta buge mu tare, amma ban taɓa tambayarta yadda ta yi ba.

Idan ka zauna da ita, zancenta bai wuce na yara. Babban ɗanta ya zana JAMB har sau biyu bai samu gurbi ba, yana so ya fara acaba, ita kuma tana tsoron abokan da zai haɗu da su a tasha. Tana tsoron ƙwaya, domin ko da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kowa ya san matasa sun koma wasu abubuwan. Tana tsoron cacar ƙwallo da ake yi a waya. Tana tsoron wanda zai yaudari 'yarta budurwa. Ga surutun mutane: idan yaro ya lalace, a coci ba a cewa laifin uba ne, sai a ce uwar ce ba ta yi tarbiyya ba. Jama'a, ku cire kalmar coci ku sa Islamiyya, ku gaya mini ko akwai abu ɗaya a cikin wannan lissafi da ba ya hana iyayenmu mata barci. Abin da nake ji Hajiya tana roƙo bayan sallar asuba a kanmu, shi ne Mama take roƙo ta ɗaya gefen katangar, kuma da harshe ɗaya suke roƙon.

Wannan ya kawo ni kan karatunta, wanda shi ne ya fi ba ni mamaki. Firamare kawai ta gama, amma ban taɓa ganin wanda yake karanta Hausa kullum kamar ita ba. Littafinta Mai Tsarki na Hausa ne, ta naɗe bangon da leda, gefen shafukan duk rubutun biro: ranar haihuwar yara, ranar da mahaifiyarta ta rasu, kuɗin da ake bin ta. Mu da yawa ba mu san cewa tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ba, da hannun su Dakta Walter Miller na Zariya a cikin aikin, aka kuma sake sabuwar fassara a 1979. Ke nan kusan shekara ɗari kakanninsu suna karanta harshenmu a rubuce. Tana da littafin waƙoƙin coci, tana da tsohon Magana Jari Ce na Abubakar Imam wanda bangonsa ya yage, daga ciki take karanta wa autarta labari idan an ɗauke wuta. Littattafan Kano da ƙanwata take ajiyewa ma tana aro. Da ta karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, sai ta ce wa Hajiya, "Ashe ku ma haka maza suke yi muku?" Suka yi ta dariya. Ni da nake taƙama da Hausa, rabona da in gama littafi guda tun ina makaranta, kullum ina kan Facebook.

Akwai kuma wani ciwo da take ɗauke da shi wanda ya shafe mu kai tsaye. Yaranta ba sa jin Jju, harshen iyayensu, sai 'yan kalmomin gaisuwa. Da Hausa suke wasa, da Hausa suke faɗa, da Hausa suke sujada a coci. Idan sun je ƙauye ba sa iya hira da tsofaffi. Mu muna jin daɗi idan muka ga kowa yana Hausa, muna cewa harshenmu ya yi albarka. Ba laifi ba ne mu ji daɗi, amma ya kamata mu san cewa abin da muke gani riba, wata uwa tana ganin sa asara ce a cikin ɗakinta. Wanda ya san haka ba zai riƙa yi wa maƙwabcinsa dariya don ya karya Hausa ba.

Yanzu mu koma kan kare. Me Mama ta rasa? Mace ce mai kwana da yara ba namiji a gida kwana biyar a mako, a garin da ya ga rikicin Maris na 1987, ya ga na 1999, ya ga na Afrilun 2011 da aka ƙone kasuwa. Ni ina yaro a 2011, amma ban manta dokar hana fita ba, ban manta yadda bayan nan mutane suka riƙa tashi daga unguwannin da aka cuɗanya, kowa yana komawa cikin nasa ba. Danginta sun matsa mata ta tashi, ta ƙi, ta ce ta saba da Hajiya. Daga baya ta samo kwikwiyo ta raine shi. Haushinsa ne yake ba ta damar yin barci. Shi ne yake raka autarta bakin hanya. Kuma ba zan ɓoye ba, ɗakin da Baba yake ajiye buhuna yana jikin katangar nan, sau biyu haushin Bingo ya kori ɓarayi daga kayanmu. Kyauta ya yi mana gadi shekara da shekaru, mu kuwa yaran layinmu jifa suke saka masa da shi, mu manya muna kallo ba ma hanawa.

Ban san wanda ya sa masa guba ba, kuma ba na zargin kowa. Yana iya zama ɓarawo mai shirin dawowa, yana iya zama wanda haushi ya dama. Amma ku duba abin da zai fara zuwa zuciyar mace Kirista da ke zaune a tsakiyarmu idan ta wayi gari an kashe mata mai gadi. Za ta tambayi kanta: saƙo ne ake aiko mini? Idan a wannan safiya ba wanda ya leƙo daga cikinmu, ko kuwa ta jiyo dariya ta bayan katanga, amsar da za ta ba kanta ke nan. Zuwan Hajiya shi ne ya kashe wannan zargi tun bai yi jijiya ba. Ni ina ganin a gari irin namu, irin wannan zuwan ya fi taron zaman lafiya goma da ake yi a otal ana rarraba lemo.

Na san abin da wasu za su ce. Na ɗaya, ana kashe mutane a ƙauyukan Kudancin Kaduna, Musulmi da Kirista, kai kuma kana kukan kare. Gaskiya ne ran ɗan Adam ya fi, ba wanda ya haɗa su. Amma mutumin da bai saba tausaya wa maƙwabcinsa a ƙaramin rashi ba, ba rana ɗaya zai koya ba idan babban ya zo. Da ƙaramin gyara ake tare ɓarakar katanga kafin damina.

Na biyu, za a ce kare ƙazanta ne, ba al'adarmu ba ce. To ba wanda ya ce ka sa kare a ɗakinka, ni ma ba na ajiyewa. Amma mu tambayi malamanmu: a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gona. Mafarautanmu da makiyaya ai da karnuka suke yawo. Alƙur'ani ya ambaci karen Ashabul Kahfi tare da su. Akwai hadisi ingantacce na mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Haƙƙin maƙwabci kuwa, ba a ce sai in addininku ɗaya ba. Saboda haka yaron da yake jifan karen maƙwabta ba addini yake yi ba, rashin tarbiyya ce, kuma tamu ce, ba ta Mama ba. Wanda kuma yake tsoron cizo, hanyar ita ce a yi magana da mai kare ya ɗaure shi, ya kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare, ba guba ba. Naman da aka jefa ai ƙaramin yaro ma zai iya tsinta, ko kajinmu su ci.

Da yamma a wannan rana na ɗauki shebur na je na taya ɗanta haƙa rami a bayan gida. Na rasa abin da zan ce, domin a Hausa ba mu da gaisuwar mutuwar kare. Sai na ce, "Mama, sannu, Allah ya mayar miki da alheri." Ta share hawaye da bakin zane ta ce, "Na gode ɗana, Ubangiji ya yi maka albarka. Ka gaida Baba." Da na gaya wa Baba, washegari ya sa aka kafa fitila mai aiki da hasken rana a kan katangar, tana haska gidajen biyu.

Shawarata gare mu, musamman matasa 'yan'uwana, gajeriya ce. Muna yawan ƙorafin cewa ana kiranmu baƙi a garin da aka binne kakanninmu, kuma ƙorafin yana da tushe. Amma ɗan gari shi ne wanda ya san abin da ke damun na kusa da shi. Ka san sunan 'ya'yan maƙwabciyarka? Ka san wanda ya faɗi jarrabawa a cikinsu? Ka iya gaisuwa ɗaya da Jju ko Fantswam ko Tyap, alhali su sun iya harshenka har suna addu'a da shi? In amsarka a'a ce, to yau ka fara. Ka tsawata wa ƙanenka idan ya ɗauki dutse, ka saya ƙosai ka tsaya ka gaisa, kada ka jira sai an sa dokar hana fita kafin ka tuna akwai mutane a bayan katanga.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Kafanchan da Kudancin Kaduna baki ɗaya, ya saka wa iyayenmu mata da alheri, namu da nasu. Wassalam.