Dagona Ba A Damina Ake Zuwanta Ba

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu nan kudu, tunda mun amince za mu kai abokan karatunmu dausayin Haɗeja da Nguru su ga tsuntsaye, ni dai ban goyi bayan tafiya a watan Agusta ba. Na san kowa na son ya ga gida kore shar, amma lokacin ne kogin Haɗeja da na Jama'are ke tumbatsa, hanya ta zama taɓo, ga sauro. Kuma baƙin da ake zuwa dominsu ba su iso ba, sai dai mu ga su shamuwa da balbela.

Tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai, suna ƙetare Sahara, a hunturu suke cika tafkin Dagona da ke Bade a jihar Yobe. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa ya ja baya, hanya ta bushe, su kuma sun taru wuri guda. Idan muka kai Afrilu, zafi ya shigo, yawancinsu sun koma.

Kuɗin motar nan da ƙyar muke haɗa shi, kada mu kai baƙi su dawo suna cewa kurari muka yi. Mu bari sai Janairu, mu yi sammako. Ko ya kuka gani?