Wai Ni Ba Ni Da Ruhu Mai Tsarki?

'Yan'uwana ɗalibai, a wata majami'a a nan Landan wani fasto ya dafa kaina, wai muddin ban yi magana da harsuna ba, ban sami Ruhu Mai Tsarki ba. Haba! Ni ban musa baiwar ba. Amma a ranar Fentikos kowane baƙo a Urushalima da yarensa ya ji manzanni, ya kuma gane. Bulus kansa, a 1 Korantiyawa sura 14, ya ƙayyade mutum biyu ko uku, bi da bi, in babu mai fassara kuwa a yi shiru. To, ina aka samo na ihun jama'a duka lokaci ɗaya? Kakata da Hausa ta yi addu'a har ta rasu. Wa ya isa ya ce ba ta da Ruhu?